Tsintsiyar Kawu

Daga Allah muke, gare shi kuma Kawu ya riga mu komawa, wata ranar Talata cikin zafin watan Yuli, yakuwarsa tana tsaye a lambu ko fure ba ta fara ba.

Gidansa na Hyattsville, a nan Amurka, ɗaki biyu ne da falo a saman bene, don haka tun ranar farko takalman masu gaisuwa suka cika bakin ƙofa suka gangara har kan matakala. Ina zaune kusa da Inna, matarsa, ina jin kowa da irin nasa kukan. Hajiyar Kumasi mai kantin kayan miya ta shigo tana share ido da gefen mayafi, ta ce, "Yanzu wa zai kawo mini lalo ɗanye? Wannan bawan Allah shi ya raba ni da sayar da busasshe." Wani direba ɗan Maraɗi ya tsuguna gaban Inna ya ce marigayi ne ya koya masa shuka tumatir a bokitin fenti a barandarsa, har yau daga nan yaransa suke ci. Liman kuwa cewa ya yi bai taɓa ganin mai zuwa sahun gaba da laka a gwiwar wando, ko a jikinsa, kamar Kawu ba. Aka ɗan yi dariya, sannan aka koma share hawaye.

Ana cikin haka Baffa ya iso daga gidansa na Springfield. Baffa wan mahaifina ne, likita, Kawu kuma wan mahaifiyata. Gari ɗaya suka fito, aji ɗaya suka yi a sakandare. Ya shigo da babbar riga tana ƙamshi, aka dare masa, bai zauna ko'ina ba sai kan kujerar Kawu ta bakin taga. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya gyara murya ya ce, "Mun yi rashin masanin kimiyya. Ni na san shi fiye da kowa a nan. Rana ɗaya muka shiga jami'a ni da shi."

Ina riƙe da faranti cike da kofuna lokacin. Wallahi sai da na ajiye shi don haushi. Ba rana ɗaya suka shiga ba, kuma duk duniya babu wanda ya fi Baffa sanin haka. Kalmar noma ma ya ƙi bari ta fito daga bakinsa. Babu wanda ya tanka, gidan mutuwa ba wurin musu ba ne. Na shige kicin kafin bakina ya ja mini.

A can na tarar da Auta, 'yar tsufan Baffa, ta jingina da firji tana kuka ba sauti. Haihuwar nan ce, Hausarta ta ji ce ba ta faɗi ba, don haka da Turanci ta zayyana mini komai. Sakamakonta bai kai ta ga hanyar likitanci da ubanta yake ta shelanta wa mutane ba, kuma ita dama ba ta so. Wata jami'a a nan jihar Maryland ta ba ta gurbi: shekara ɗaya ta share fage, in ta ci sai ta shiga digirin aikin gona. Ashe duk ranar Asabar da take cewa ta tafi laburare, lambun Kawu take zuwa. Shi ya ce ta kwantar da hankalinta, da zarar an sallame shi daga asibiti zai je Springfield da ƙafarsa ya ga ubanta. In wata ya ƙare ba ta karɓa ba, gurbin ya tafi. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, yanzu wa zai gaya wa Dadi?"

Na share mata hawaye. Tun a kicin ɗin nan na san abin da zan yi, kuma ba zan ɓoye ba, ba tausayinta kaɗai ne ya motsa ni ba.

Bari in faɗi gaskiyar da Baffa ya binne. Shekarar da suka gama sakandare, shi ya wuce kai tsaye karatun likita. Kawu makinsa na kimiyya ya gaza, aka ce sai ya yi shekarar share fage kafin a duba ko zai shiga sashen noma. Ranar da ya dawo gari da labarin, Baffa ya tambaye shi a gaban samari, "Share fage? To an ba ka tsintsiyar, ko kai za ka sayo?" Aka fashe da dariya. Daga ranar sunansa ya koma Mai tsintsiya a bakin Baffa. Da sunan ya kira shi ranar aurensa. Da shi ya kira shi bayan ya yi digiri na uku a kan ƙasar noma, da shi ya tare shi a filin jirgi a ƙasar nan. Mutane su ce ai wasa ne. Wane irin wasa? Su ba taubasai ba, ba jika da kaka ba. Wasa ai bi-da-bi ake yi, wannan kuwa mutum ɗaya ne yake dariya.

Kawu bai taɓa ɓoye shekarar nan ba. Ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa, har Inna takan ce, "Malam, mutumin nan hanyar banɗaki ya tambaye ka." Yakan ce a shekarar ce ya fara taɓa kwalbar gwaji da hannunsa, don a da a allo kawai ake zana musu ita. A cikinta ya koyi ya ce ban gane ba, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Maganarsa kullum ita ce, "Shara ai ita ce farkon noma. Gonar da ba a share ba, in ruwa ya sauka ciyawa ce take riga iri." Kuma ya sayi tsintsiyar kaba ta gaske a kantin Hajiyar Kumasi ya rataye ta a falo, a kan ƙusa ɗaya da takardar digirinsa. Baƙi su yi ta kallonta suna kasa tambaya.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya. Bai taɓa zuwa taro a kan lokaci ba. In ka yi kuskuren tambayarsa me ya sa barkononka yake zubar da fure, to ka nemi kujera. Aljihunsa kullum cike da iri a ƙulle cikin 'yan takardu, Inna ta sha wanke rigarsa ta shanya, bayan kwana biyu ta ga ɗinkin aljihu ya yi tsiro. Faɗansu mafi girma da na gani a kan bahon wanka ne. Sanyi bai gama fita ba, ya cika bahon da tiren dashe, ya kunna musu fitila, ya ce a yi haƙuri da bokiti zuwa wata mai zuwa. Inna ta ce ita ba ta baro Kano ta zo Amurka don ta yi wanka da bokiti ba. Ya ce, "Ke kina da riga, su ba su da ita." Ta kwashe tiren ta jera masa a gefensa na gado. A kujera ya kwana, da safe kuma ya ce gadon ya fi bahon ɗumi, ya gode.

Yabo kuwa sai ka mutu da yunwarsa. In ka yi abu daidai ya ce, "To." In ka yi shi da kyau ƙwarai ya ce, "To, to."

Ni shaida ce a kan wannan, don ni ma ta ƙofar nan na shiga. Bayan rasuwar mahaifina aka kawo ni gidan Baffa ina da shekara goma sha tara, da sharaɗin da ba a faɗa ba amma kowa ya sani: zan zama likita. Na yi iya yina, lissafi da kimiyya suka kayar da ni. Aka ba ni hanyar share fage zuwa aikin gona, na ji zuciyata ta kwanta da ita. Ranar Babbar Sallah, falo cike da baƙi ana cin nama, na yi wautar faɗa. Baffa ya ajiye cokali ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Teku aka haye da ke don ki riƙe fartanya? Tsintsiya ɗaya ai ta ishi dangi. Ba a gidana ba." Matan suka sunkuyar da kai, wasu mazan suka yi murmushi. Har yau ina iya lissafa waɗanda suka yi murmushin, kuma wasunsu sun zo gaisuwa.

Kawu yana wurin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya goge hannunsa a hankali ya ce, "Uwata, ɗauko kayanki." Ko kallon Baffa bai yi ba. Na tura tufafina cikin jaka ina kuka. A mota ina jiran ya lallashe ni, sai ya miƙo mini tiren kuɓewa daga kujerar baya ya ce, "Riƙe da kyau, akwai ramuka a hanya." Haka muka taho har Hyattsville, ina hawaye a kan kuɓewa.

Shekarar nan ta ba ni wuya. Da sassafe in bi jirgin ƙasa zuwa jami'a a College Park, da yamma in dawo in tarar ya baza littattafai a teburin cin abinci. Ya sa ni in maimaita abu ɗaya har in ji kamar in jefa littafin ta taga. Wata rana na faɗi wani gwaji, na ce masa ƙila Baffa ne mai gaskiya. Ya cire tabarau ya ce, "Uwata, faɗuwa a share fage ai ita ce amfaninsa. Nan ake faɗuwa don kada a faɗi ranar da makaɗa suka zo. Buɗe shafin." Na buɗe. Ranar da na karɓi digirina ya zo a makare, da laka a takalmi, ya ce, "To, to." Baffa bai zo ba. Daga baya na ji yana gaya wa mutane wai ilmin halittu na karanta. Yau sama da shekara goma ina aiki a kan cututtukan tsirrai, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tambayata me nake yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zoɓo. Yakuwarmu ta gida in an shuka ta a nan sai ta yi ta ganye ta ƙi fure, kafin ta yanke shawara sanyi ya kashe ta. Kawu ya yi shekaru yana zaɓen wadda ta riga 'yan'uwanta fure, ya ajiye irinta, ya sake shukawa, har ya samu wadda take ba da zoɓo kafin sanyin farko. Duk kaka, kwandon farko na gidan Baffa ne, don yana fama da hawan jini kuma ba ya shan na kanti. Ni kuma ake aike. Wata shekara na ƙi. Na ce, "Kawu, mutumin da yake zaginka a gaban jama'a? Wallahi ni ban yafe masa ba." Ya ci gaba da tsinka bai ɗago ba, ya ce, "Ni na ce ki yafe? Cewa na yi ki kai." Na kai. Baffa ya karɓa a bakin ƙofa ya ce a gaida Mai tsintsiya.

Har a gadon asibiti bai bar shi ba. Ya shigo da rakiyar wasu abokansa likitoci, ya tsaya a ƙafar gado ya ce, "Mai tsintsiya, tashi mana, fage ya yi datti." Suka yi dariya don babba ya yi. Kawu ya juya fuskarsa bango. Ni na ga fuskar, don haka kada wani ya sake ce mini abin ba ya damunsa. Da suka fita na ce bari in bi shi. Ya riƙe mayafina da hannun da aka sa wa allura, ya ce, "Ƙyale shi. Ni shekara ɗaya na yi a ajin nan na fita. Shi yau shekara hamsin yana maimaita shi." Ya yi tari, ya nemi ruwa, ya ce in je in duba ko an ba yakuwa ruwa. Bayan kwanaki kaɗan ya cika.

A maƙabarta liman ya roƙi duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa, maza suka dawo suna cewa kowa ya amsa. Na ce to, waɗanda suka saɓa masa fa, su wa zai tambaya? Aka ce in yi shiru.

Na yi shiru har ranar sadakar bakwai. Kafin ta zo na ɗauki Auta muka je jami'ar. A mota na tsaya na ce, "Ki ji da kyau. Ni ina da tsohuwar ƙullalliya da Dadinki, kuma zan ji daɗin wannan abu. Kada ki yi don ni, kada ki yi don Kawu. In ba kya so, yanzu in juya." Ta ce tun tana ƙaramar sakandare take so. Da hannunta ta karɓi gurbin, ni a waje na jira. Na kuma gaya mata akwai ɗaki a gidana in ta kama.

Ranar sadakar falo ya cika, maza a ciki, mata daga ƙofar kicin har lungun ɗakuna, kowa yana jin kowa. Aka yi addu'a aka shafa. Baffa ya sake gyara murya daga kan kujerar bakin taga, ya fara, "Kamar yadda na faɗa, rana ɗaya muka..."

Na miƙe na zare tsintsiyar daga ƙusarta. Na ratsa maza na durƙusa a gabansa yadda aka koya mini, gwiwa biyu a ƙasa, murya a kwance. Na ce, "Baffa, a gafarce ni, gyara ne ɗan kaɗan. Ba rana ɗaya kuka shiga ba. Ka riga shi da shekara guda, shi sai da ya yi share fage, sannan ya karanta noma. Noma, Baffa. Kai ka raɗa masa suna a kan haka, kuma da sunan ka yi masa sallama a asibiti. Bai bar wasiyya a kan wannan ba, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Ni ce na ga babu wanda ya kai ka cancantar gadon tsintsiyarsa." Na ɗora masa tsintsiyar a kan cinya da hannu biyu.

Liman ya ce, "Subhanallahi," a hankali, ya tsaya nan. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, sai ga Auta ta fito daga cikin mata. Ban san za ta yi ba, ban sa ta ba. Ta durƙusa kusa da ni, ta haɗa Hausar da ta kwana tana haɗawa, ta ce, "Dadi, ni ma zan yi share fage. Na noma. Na karɓa." Sannan ta ƙara, "Ba na so ka kira ni da sunan."

Shekara ashirin nake jiran in ga fuskar Baffa haka, kuma na gani, na ƙoshi da kallo. Ya dubi 'yarsa, ya dubi abin da ke cinyarsa. Ya nemi inda zai ajiye ta, ƙasa duk ƙafafun mutane ne, kuma babu wanda ya miƙa hannu ya karɓa. Ko waɗanda suka yi murmushi ranar Sallah, kowa carbinsa yake kallo. Ya tashi da ita a hannu, babbar riga tana jan ƙasa, ya nemi takalmansa cikin tulin da ke matakala. Ta taga na hango shi yana tsallaka wurin ajiye motoci, likita guda da tsintsiyar kaba a hammata.

Da aka watse Inna ta kira ni ɗaki. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta kalle ni ta ce, "Da yana nan da ya saɓa miki." Na ce na sani. Ta ce, "To kin huce?" Na ce a'a. Ta ce, "Ni ma. Rufe ƙofar, ki zuba mana shayi."

Auta ta fara karatu a ƙarshen Agusta, daga gidana take tafiya. Kimiyya tana ba ta wuya, ranar nan ta faɗi gwajin farko ta dawo da jan ido, na ji bakina yana cewa buɗe shafin. Ubanta bai kira ta ba tukuna. Amma uwarta ta ce tsintsiyar tana nan a garejinsu, an jingine ta a bayan ƙofa, an zo kwasar shara sau da yawa bai sa ta a ciki ba, kuma sunan nan bai sake fita daga bakinsa ba.

Makon jiya yakuwar Kawu ta nuna, ta riga sanyi kamar yadda ya koya mata. Ni da Auta muka tsinke ta, hannuwanmu suka yi ja. Na ware kwandon farko na sa a mota, na kama hanyar Springfield ina zagin cunkoso da wanda zan je wurinsa gaba ɗaya. Baffa da kansa ya buɗe ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kwandon, na ce, "'Yarka ce ta tsinka." Ya daɗe yana kallon zoɓon. Ya ce, "Tana cin abinci?" Na ce tana ci. Na juya na tafi, ban jira godiya ba, shi ma bai yi ba.

Allah ka ji ƙan Kawu, ka yalwata masa makwanci, ka sa ƙasar da ya yi wa hidima ta yi masa sauƙi. Ka sa abin da ya share a nan ya tarar da shi a shuke a can. Ni kuwa, Kawu, har yanzu ban yafe ba. Amma na kai.